Tikitin Disamba da 'yan cuwa-cuwa: ina mafita?

Ɗan'uwa daga Agege: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙungiyarmu tana shirin gayyato wani mawaƙi daga Kano a watan Disamba, kuma ina neman shawararku kan yadda za mu sayar da tikiti. Bara na kai ƙanwata wani wasa a Dandalin Tafawa Balewa da ke nan Legas, tikiti ya ƙare a intanet tun kafin in gama shigar da lambar katina, sai ga samari a bakin ƙofa suna sayar da shi ninki uku. Na biya, aka turo mini hoton tikitin a waya, amma da muka isa gaban mai dubawa sai na'ura ta nuna an riga an shiga da shi. Haka yarinyar nan ta tsaya da lallenta da sabon ɗinkinta tana jin kiɗa daga bayan katanga. Ba na son a yi wa ɗan kowa haka a taronmu.

Malam daga Obalende: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya mayar maka da alheri. Ku rubuta sunan mai saye a jikin kowane tikiti, a gwada shi da katin ɗan ƙasa ko katin zaɓe a ƙofa, kuma kada mutum ɗaya ya sayi fiye da huɗu. Bikin kiɗe-kiɗe na Glastonbury a Ingila tun 2007 yake sa mutum ya yi rajista da hotonsa kafin ya saya, har hoton ya fito a tikitin, saboda haka wanda ya tara bai da wanda zai sayar wa.

Hajiya daga Idi-Araba: Malam, na yarda da batun suna, sai dai akwai saura. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi zuwa fa, kuɗinsa ya bi ruwa ke nan? Ku ba shi damar dawo da tikitin a mayar masa da abin da ya biya, ku kuma ku miƙa wa na gaba a layin jira a kan farashin farko. Ƙasar Ayalan ta yi doka a 2021 da ta haramta sake sayar da tikitin manyan wasanni sama da kuɗinsa na asali, kuma ku ma kuna iya kafa wannan sharaɗi a taronku ba sai kun jira majalisa ba.

Alhaji daga Mil 12: Amurka ta haramta amfani da manhajojin da ke wawushe tikiti tun 2016, amma namu ciwon ba na manhaja kaɗai ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: sau da yawa daga hannun masu shirin ne damin tikiti ke fita zuwa ga dillalai. Ku faɗi adadin kujeru a fili, da nawa kuka ware wa baƙi. Sannan ku tuna da 'yan dako da masu facin taya waɗanda kuɗinsu a aljihu yake, ku buɗe musu teburi a kasuwa da rasit mai lamba.

Ɗan'uwa daga Agege: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Duba suna zai jawo dogon layi, don haka zan nemi a buɗe ƙofa da wuri, a ware layin mata daban. Alhaji, idan za ka yi mana magana da shugabannin kasuwa kan wurin teburin, zan zo in same ka ranar Asabar bayan la'asar.