Abin da jama'a suka ce kan ɗauko takardun shari'ar aure zuwa wata kotu

Tambayar ita ce: ana rikicin mallakar gida a Babbar Kotu a Gusau, ɗaya ɓangaren na son gabatar da bayanan shari'ar khul'in da aka yi a kotun shari'ar Musulunci. Shin hakan ya dace? Ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda cewa hoton waya ba ya wadatarwa. Dokar Shaida ta 2011 tana neman kwafin da magatakardar kotu ya tabbatar, da sa hannu da kwanan wata.

2. Mafi yawa sun ce a nemi abin da ya shafi dukiya kawai: sadaki, kayan ɗaki, wanda ya sayi filin.

3. Nan ne kawuna suka rabu. Wasu sun ce abin da aka faɗa gaban alƙali ya riga ya fita. Wasu suka ce a'a, mace ta faɗi cutarta da sirrin shimfiɗarta ne don a raba aure, ba don lauya ya karanta su gaban 'yan kallo ba. Sun kafa hujja da sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare sirrin rayuwar mutum da iyalinsa. Ni ma nan zuciyata take, domin 'ya'yanta za su girma su ji.

4. An ba da shawarar lauyanta ya roƙi alƙali ya duba takardun shi kaɗai tukuna, a rufe sunayen yara.

5. Kaɗan sun ce a fara gwada sulhu wurin dattawan gidajen biyu.