Wa ke jinkirta rufe fayil ɗin majinyaci a kwamfutar asibiti?

Jami'in rekod: Na faɗa kuma zan maimaita, likitoci ne. A sallami mutum ranar Litinin, har Juma'a ba a rubuta takardar sallama ba, fayil yana buɗe a kwamfuta. Kada wanda ya ce min wuta ko intanet. Ba su ɗauki rubutu a bakin aiki ba ne kawai.

Likita mai neman ƙwarewa: Malam, da za ka biyo mu zagayen safe da ka sassauta. Kwamfuta ɗaya ce a ɗakin maza, mu da nas-nas da ɗalibai duk a kanta. A gefen gado da biro muke rubutu a folda, sannan a ce mu sake buga shi gaba ɗaya. Ina zama za a kira ni ɗakin gaggawa. Rabin waɗanda muka fara tare sun tafi Saudiyya da Ingila, aikinsu kuma mu ya faɗo wa.

Jami'in rekod: To Dokta, me ya sa wasunku ke gamawa a ranar? Ai kwamfutar ɗaya ce.

Sista: Yallaɓai, masu gamawar ka duba abin da suka rubuta. Layi biyu ne. Jiya wata ƙaramar nas ta cika shafi guda na magunguna, sabis ya yanke kafin ta adana, komai ya ɓace. Ta koma takarda, har yanzu ba a shigar ba.

Ma'aikacin kwamfuta: Wutar ma ba ƙaramin abu ba ce. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu, kuma tun Afrilun shekarar da kuɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta, ya kai naira 225 duk yunit, asibitoci ke lissafin inda za a kai wutar janareta. Tiyata ce farko, sabarmu, babbar kwamfutar da ke adana fayiloli, ta ƙarshe. Amma abin da nake gani a allona daban ne: fayiloli da yawa an gama su, sa hannun babban likita suke jira, ko sakamakon gwajin da bai fito ba.

Jami'ar inshora: Ni nawa ciwon lambar cuta ce. Dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma sai da bayani cikakke ake biyan asibiti. Likita ya rubuta "zazzaɓi" ya tashi, wace lamba za a sa daga ICD-10, jerin lambobin cututtuka na duniya? Maleriya ce ko taifod? Dole fayil ya koma masa.

Likita mai neman ƙwarewa: Hajiya, wannan na yarda. Sai dai ni ba zan rufe fayil ba oga bai gani ba, shi kuwa ran Talata yana tiyata, ran Laraba yana aji.

Jami'in rekod: Oga ai shi ma likita ne, Dokta.