Fure ya cika lambu amma ba 'ya'ya: wa ya taɓa gani?

Mai lambu a Lamingo:
Salamu alaikum jama'a. Bara da rani na shuka kokwamba fangali 12 a bakin dam. Yabanya ta yi kyau, fure ko'ina, amma ɗan da ya ɗauka sai ya yi rawaya ya zube. Waɗanda suka tsira kuma a lanƙwashe, na kai kasuwar Farin Gada aka taya su a wulaƙance. Na ƙara taki, na ƙara ruwa, a banza. Sai daga baya na lura tun da na fara feshi da sassafe ban sake jin kukan zuma a lambun ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Manomi daga Bukuru:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kama bakin zaren. Kokwamba da kabewa da kankana furensu iri biyu ne, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. In ƙudan zuma bai kwaso garin namijin ya kai mata ba, ƙullutun ba zai zama komai ba, in kuma ya kai kaɗan, lanƙwasar da ka gani ke nan. Ni ma na yi wannan asarar. Yanzu ba na feshi sai dab da magariba, sun koma gida, kuma in fure ya yi yawa nakan haƙura gaba ɗaya.

Wata uwa a Rikkos:
Ni kabewa ce a bayan gida. Furenta da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. In na ga ba zuma, sai in tsinko namijin, in cire ganyen furen, in goga a cikin macen. Kakata ce ta nuna mini, Allah ya jiƙanta. Amma wannan na gindi biyu ne ko uku, ba na mai fangali 12 ba.

Mai kiwon zuma a Vom:
Wata safiya na tarar da matattun zuma tuli a bakin amyata, maƙwabci ya yi feshi kan fure. Ban yi faɗa ba, na je muka zauna. Yanzu yakan sanar da ni tun da yamma. Don Allah ku riƙa ajiye kasko da ruwa da 'yan tsakuwa lokacin hunturu don zuma su samu na sha, kuma kada a nome furen ciyawar bakin gona kaf, shi suke ci in amfani bai yi fure ba.

Dattijo a Naraguta:
'Ya'yana, ba zuma kaɗai ba ce. Ku tsaya ƙarƙashin mangwaro in ya yi fure, ƙudaje za ku fi gani, su ma barbara suke yi. Ga malam-buɗe-littafi. Masara ce ba ruwanta, iska ke mata aikin.

Mai lambu a Lamingo:
Na gode, Baba. Ɗan'uwa na Vom, in na kafa amya, taku nawa zan ba ta daga hanyar da yara ke bi?