Daga duwatsun Zuru zuwa bakin ruwan Yawuri a ƙafa: wa ya taɓa takawa?

Ɗan Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da abokaina muna son mu taka daga Zuru, mu bi ta Mahuta da Koko mu sauka Yelwan Yawuri, bakin tafkin Kainji. Wanda ya san hanyar da ƙafarsa ya taimaka mana.

Ɗan Zuru: Wa alaikumus salam. A duwatsun nan na yi kiwon awaki tun ina yaro. Ku bari sai hunturu, lokacin ciyawa ta kwanta, mutum na ganin inda yake sa ƙafa. Da an sallame asuba ku kama hanya, don kafin azahar dutse ya ɗau zafi, ko zama a kansa ba ya yiwuwa. Kuma gangara ta fi hawa cin rai, ƙanena. Tsakuwa na zamewa, gwiwa na rawa. Kowa ya yanki sanda.

Mai kiwo daga Fakai: Ruwa dai, ruwa. Rafukan da kuke gani a damina duk yashi ne a rani. Ni fura da ƙuli-ƙuli nake riƙewa. Kada a sa sabon takalmi, zai ci dunduniya. Ƙarangiya kuwa sai haƙuri.

Malama daga Gusau: Mu Dutsen Kwatarkwashi muka hau muna 'yan makaranta. Daga sama har yau ina tuna gonakin dawa shimfiɗe har iyakar ganin ido. Amma don Allah yayyena, yanzu ba da ba ne. Maganar 'yan bindiga ta shafi ƙasar Zuru kamar yadda ta shafe mu. Kowane gari kuka shiga ku fara gaida mai gari, ku tambayi halin da gaba take ciki. In an ce ku shiga mota, ku shiga. Kada dare ya same ku a daji.

Ɗan Yawuri: Gaskiya Malama ta faɗa. In kun iso, ku zaga gefen ruwa da yamma, ku ga Sarkawa na jan koma da Gungawa na ban ruwan albasa. Kakana ya sha nuna mini inda garinsu yake kafin ruwa ya cinye shi da aka gama dam ɗin Kainji a 1968. Akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan. Tun haɗarin jirgin ruwan garin Wara na 2021 ban ƙara shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil ba, kuma ku nemi rigar ruwa kafin a tura.