Musayar waƙa: an sauya taswira, an ce mu tashi

Mai_Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan uwa, maudu'in yau shi ne hukumar tsara birni da ke zama a ofis ta sauya wa unguwa matsayi, daga ta zaman mutane zuwa ta dogayen benaye da shaguna, ba wanda ya tambayi mazauna. Amsa-amo "ra", na buɗe:

Sun zauna ofis sun ja biro,
Sun sauya launin taswira,
Sun ce unguwarmu ta tsufa,
Wai ci gaba za su fara,
Haya ta ninka, haraji ya hau,
Ba katafila amma an kora.

Ɗan_Kwangila:
Malam bar kuka, birni girma yake,
Kwata ta toshe sai an gyara,
In ba a ɗora bene kan bene,
Gobe ina za ka sa yara?

'Yar_Gwagwarmaya:
Ɗan Kwangila ci ka yi shiru,
Cikinka ke maka ishara,
Je ka Legas ka tambayi Maroko,
A 1990 wa ya tsira?
An rushe, an watsa dubban bayi,
Fili ya koma na masu naira.

Maroko unguwa ce a Legas, ba ƙasar Maroko ba

Baba_Tsoho:
Kai! Allah ya ƙara basira 'yata, kin rufe masa baki wallahi, ya je ya nemo ruwa

Malam_Arul:
Afuwan Hajiya, ba wai ina bayan ɗan kwangila ba ne amma ɗangonki na huɗu ya karye. Ki rera shi mu ji, alif ɗari tara da casa'in, numfashi zai ƙare kafin ki kai "tsira". Shi ma Mai Alƙalami ɗangonsa na biyar ɗingishi yake.

'Yar_Gwagwarmaya:
Ana rushe gida kana ƙirga gaɓa,
Malam ka zo a makara,
Ɗauki ma'auninka ka bi su ofis,
Can ake neman mai dabara.

Malam_Arul:
Zagi ba ya gyara kari Hajiya. Waƙa ce aka ce, ba takardar koke ba.

Ɗan_Kwangila:
Gaskiya dai Malam, faɗa mata, ni ga nawa:

Kun iya kwali, kun iya ihu,
Kotu kuka je kuka kai ƙara,
Mutan Inwood sun riga ku gwadawa,
Murna ta koma asara.

don wanda bai sani ba, unguwa ce a New York, majalisar birni ta sauya tsarinta a 2018, mazauna suka kai ƙara alƙaliya ta soke a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi a 2020, to ina ribar ihun

Baba_Tsoho:
Ribar ita ce sun tsaya sun yi magana yaro, kai da ko baiti ɗaya ba ka iya yi sai ka haɗa da sharhi

Mai_Alƙalami:
Ku yi haƙuri data ce ta ƙare, sai yanzu na shigo. Malam Arul na ji gyara amma ɗangona lafiyarsa lau, ja "hau" ɗin za ka yi. Ɗan Kwangila karɓi:

District Six can a Cape Town,
Da takarda aka fara,
Aka ce ta farar fata ce zalla,
Dubu sittin aka kora,
Kai da ka ce don yara ake yi,
'Ya'yan wa? Faɗi, muna jira.

unguwa ce a Afirka ta Kudu, 1966 aka yi shelar mayar da ita ta farar fata, na cire shekarar daga baitin don kada hawan jinin Malam ya tashi

Malam_Arul:
Madalla, amma ka maimaita "fara" da "kora", duka ka yi su a baitin farko. Kuma Cape Town gaɓa nawa kake ƙirga ta?

'Yar_Gwagwarmaya:
Don Allah admin a cire mana mutumin nan

Ɗan_Kwangila:
a bar shi, shi kaɗai ne mai adalci a nan. Baitina na nan tafe, ina neman abin da zai dace da "diyya"

Baba_Tsoho:
Amsa-amon "ra" ne yaro, diyyar ma ba a biya balle ta shiga waƙa