Wa ke ɗura wa yara antibayotik, iyaye ko likitoci?

Nas ɗin Yara: Zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Yawancin antibayotik ɗin da yara ke sha ba gaira ba dalili, iyaye ne silarsa. Bairos ke kawo mura, antibayotik kuwa bakteriya yake kashewa. Amma ki ce wa uwa ta ba yaro ruwa da farasitamol zai warke, sai ta kalle ki kamar kin zage ta.

Maman 'Yan Biyu: Haba Sista, biro a hannun wa yake? Da Hassan ɗina ya yi tari, ko rigarsa likitan bai ɗaga ba ya miƙo mini takarda. Ni na roƙe shi?

Nas ɗin Yara: Layi ya kai bakin ƙofa, Maman 'Yan Biyu. Bayani minti goma ne, rubutu minti ɗaya. Kuma in ya hana ki, gobe wajen wani za ki.

Maman 'Yan Biyu: To kin ga da bakinki kin faɗi mai laifin.

Baban Auta: Ku bar ɗora wa juna. Ni da matata duk muna aiki, gidan reno kuma ba ya karɓar yaro mai zazzaɓi. Kwana biyar a gida, wa zai zauna da shi? Wallahi na taɓa cewa a rubuta mana, ina sane mura ce.

Kaka: Mu da antibayotik muka rene ku, ba abin da ya same ku. Ragowar na jikata ma yana firiji, na ajiye wa ƙaninta.

Mai Harhaɗa Magani: Hajiya, don Allah a zubar. Amoksisilin na ruwa in an dama shi ba ya wuce sati ɗaya zuwa biyu, kuma da nauyin yaro ake auna shi, ba da ido ba. Na yaya ba na ƙane ba ne. Tetrasaikilin ma rina haƙoran yaro yake in bai kai shekara 8 ba. Shi kansa Fleming da ya gano fenisilin a 1928, ya yi kashedi a 1945 cewa shan ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. A 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda antibayotik ya daina ci, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Malamin Kimiyya: Ni tsorona daban ne. A 2019 ɗin dai cutar nimoniya ta kashe yara sama da 740,000, alhali amoksisilin na maganin wadda bakteriya ta kawo. Kuna ta tsoratar da iyaye, wata za ta zauna da yaro yana haki ta ce Sista ta ce mura ce.

Nas ɗin Yara: Nan kam ka kama ni, Malam. To ga abin dubawa. Yaro na kwance shiru, ɗaga rigarsa, ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, a tafi asibiti. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko agogo kada a tsaya dubawa.

Baban Auta: Gudawa fa?

Nas ɗin Yara: Ruwan gishiri da sukari na ORS, da kuma zinki na kwana 10 zuwa 14. In da jini a kashin, wannan sai likita.

Maman 'Yan Biyu: Shekara huɗu ina zarya da yaran nan, ba wanda ya taɓa koya mini ƙirgar nan. Sannan a ce laifina ne?

Nas ɗin Yara: Na janye rabi. Ɗayan rabin yana firijin Hajiya.

Kaka: Kwalbar ko rabi ba a sha ba, 'yata. Sai dai ki zo ki zubar da kanki.