Kati, fayil ko kundi? Ku taya ni raɗa wa EMR suna

Jiya na raka Inna wani asibiti a nan Kaduna, ma'aikaciyar jinya ta ce bayananta suna cikin EMR. Inna ta juyo: "Ɗan nan, me ta ce?" Sai na kama inda-inda. Abin nufi da EMR (Electronic Medical Record) shi ne tarihin ciwon mutum, gwaje-gwajensa da magungunan da aka taɓa rubuta masa, a ajiye a kwamfuta. In an haɗa asibitoci, likitan asibitin Barau Dikko zai ga abin da na asibitin Yusuf Dantsoho ya rubuta.

Da na shiga nema masa sunan Hausa, wani ya ce "katin kwamfuta". Ai kati shi muke bin layi da sassafe mu yanka, lamba ce kawai da za a nemo fayil da ita. "Fayil ɗin intanet" kuwa ya yi nauyi a baki.

Ni kundi na zaɓa. Ku tuna kundin malam: takardu ne da ake tarawa shekara da shekaru, kullum ana ƙari, kuma ba kowa ake buɗe wa ba. Wannan ɓangaren sirrin ne ya ja ni, domin ciwon mutum ba tallar kasuwar Bacci ba ne. Ko dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake kaffa-kaffa da su.

Kada ku ɗauka maganar suna ce kawai. Tun 2023 da naira ta faɗi, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu sayen magungunansa irin su Ventolin da Augmentin sun ji a jikinsu. A wannan tsadar, fayil ya ɓace, a sake gwaji, a rubuta maka maganin da ragowarsa ke gida. Sau biyu hakan ta faru da Inna.

Da farko "kundin jinya" na ce. Yayana mai kemis a Kawo ya ce, "Kai, mai awon ciki jinya take? Jaririn da aka kai rigakafi fa?" Na ba shi gaskiya. Kundin lafiya ke nan. In ana son bambanta shi da na takarda, a ce kundin lafiya na na'ura. Aika shi wani asibiti kuma, tura kundi.

Na gwada wa Inna da daddare. Ta ce, "To, gobe ka ce wa likita ya duba kundina kafin ya rubuta."